Faifan da Irimiya Ya Raba

Shango, Minna
17 ga Janairu, 2011

Ɗana Irimiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata ka isa Fatakwal lafiya, ka kuma koma bakin aikinka. Mu nan lafiya lau. Gwiwar babanka ta ɗan lafa, jiya da ƙafarsa ya je sujada ya dawo. Ni sai 'yar mura, ita ma ta kusa tafiya.

Da kwamfutar da ka bar mini nake rubuto maka. Awa biyu ke nan ina zaune, da yatsa ɗaya, amma ban kira kowa ba. Babanka sai tsiya yake mini, wai macen da ta fara riƙe fensir tana da shekara arba'in da bakwai a ajin zumuntar mata, yau ta zama sakatariya. Na ce masa ai kwamfutar ma tsohuwa ce irina, ofis ya jefar, ɗana ya tsinto ya tashe ta. Manyan haruffan da ka sa mini sun taimaki idona. Abu ɗaya ke ba ni tsoro. In fankar cikinta ta fara kuka, sai in ga kamar za ta kama da wuta. Ka gaya mini gaskiya, ba za ta kama ba?

Ga abin da ya zaunar da ni. Ba zan faɗe shi a waya ba, ka san bangon gidan hayarmu, in na yi tari maƙwabta ne ke cewa sannu. Rubutu kuwa ba wanda zai ji.

Maganar Mabel ce, maman Noah, mai suyar masa kusa da rumfata a Kasuwar Kure. Shekara ashirin da biyu muna kafaɗa da kafaɗa, ita ta goya ka lokacin da na kwanta ciwo. Tun rasuwar mijinta jikinta bai koma daidai ba. A watan Nuwamba ta roƙe ni na raka ta wani asibiti can gaban Kuta, inda ba a san mu ba. Irimiya, ƙanjamau ne. Ko Noah bai sani ba. Ta fara shan magani, har ta soma ciko.

Abin da ke cin ranta shi ne masar. Tana tsoron kada ta cuci masu saye ta hanyar gumi ko ta hannunta da ke taɓa ƙullu. Nas ta ce ba komai, amma Mabel na ganin lallashi ne kawai. Ka duba mana a intanet ɗin naka, ka faɗa mini abin da likitoci suka ce.

Na yi mata alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Amma kai ba kowa ba ne, daga cikina ka fito.

Ka riƙa cin abinci kafin ka zauna gaban na'urorin nan.

Mahaifiyarka,
Rose

Fatakwal
22 ga Janairu, 2011

Mama,

Na gaishe ki, na gai da Baba. Ina lafiya, ina kuma cin abinci, wani lokaci har sau uku.

Nas ɗin ta faɗi gaskiya. Ciwon ba ya bin abinci, ba ya bin gumi ko kwano. Mama Mabel ta ci gaba da suyarta da kwanciyar rai, ta dai riƙe maganinta a kan lokaci. Maganar ta tsaya a wurina.

Kwamfuta ba za ta kama da wuta ba. Ki daina ɗora ta a kan katifa, iska take nema.

Mama, wasiƙarki ta sa ni murna fiye da yadda kike zato. Injin nan shekararsa goma sha ɗaya, mai gyaran ofishinmu ya ce ko kyauta ba zai karɓa ba. Abin da na yi, na cire manhaja mai nauyi da ke tuƙa shi, na sa wata 'yar ƙarama daga dangin Linux. Ita wannan ba ta da mai gida. Mutane ne daga ƙasashe dabam-dabam suke haɗa ta don sha'awa, kowa yana da izinin ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Na rage mata kaya har ta shige faifai ɗaya, na koya mata haruffan Hausa masu ƙugiya, na raɗa mata suna Gyaɗa, don ƙarama ce amma tana ƙosarwa.

Ina rubuta duk abin da na gwada a shafina na intanet. Masu karantawa ba su wuce arba'in ba, rabinsu kuma ina jin ni ne. Amma in na zo Ista zan kwafi Gyaɗa daga kwamfutarki, don taki ce ta fi zama daidai, in ɗora a shafin kowa ya sauke. Ki yi tunanin tsofaffin injinan da ke jibge a makarantun Neja suna shan ƙura.

Ki ci gaba da ajiye wasiƙunki a jakar nan ta cikin kwamfutar da na sa wa suna Mama. Kada ki goge ko ɗaya.

Ɗanki,
Irimiya

Fatakwal
19 ga Mayu, 2011

Mama,

Barka da war haka. Ina fata ke da Baba kuna lafiya. Ni lafiya, sai aiki da ya yi yawa.

Gyaɗa ta tashi. Mutum ɗari uku da wani abu sun sauke ta, wani babban shafi na masu irin sha'awarmu ya yi rubutu a kanta, har daga Nijar da Gana ana aiko mini da tambaya. Faifai goman da na bar wa Malam Ndatsu mai shagon koyar da kwamfuta a bakin titinku, na ji ya ƙara buga wasu ya raba.

An sami ɗan kuskure a bugun farko, wani abu ya shiga da bai kamata ya shiga ba. Na gyara a bugu na biyu. Kada ki damu.

Zan rubuto doguwa in na sami sarari.

Irimiya

Shango, Minna
11 ga Yuli, 2011

Ɗana Irimiya,

Ina gaishe ka da kyau. Mu nan lafiya, ruwa yana sauka sosai, rufin kicin ya fara yoyo. Babanka ya ce zai hau ya duba, na ɓoye tsanin.

Doguwar wasiƙar da ka ce, har yau ina jira. Sau huɗu na rubuto, ba amsa. In na kira kuma sai ka ce kana cikin mota. Ko ba ka da lafiya ne kake ɓoye mini? Ko kuskuren nan da ka ambata ne ya hana ka sakewa? In shi ne, ka saki ranka. Ni ma na taɓa auna wa mutum gero a madadin dawa, ba a kashe ni ba. Wanda yake aiki shi yake kuskure.

A nan kam sunanka ya fita. Malam Ndatsu ya sa Gyaɗa a injinansa takwas, ya ce waɗanda ya riga ya fid da rai da su yanzu gudu suke kamar an biyo su. In na wuce ta gaban shagon sai ya miƙe ya ce, “Ga uwar injiniya.” Ni kuwa sai in rage tafiya don a ƙara ji. Ya ce wata makaranta a Kuta ma ta karɓa.

Abin da ke damuna shi ne Mabel. Jikinta da sauƙi sosai, amma kasuwarta ta tsaya tun wajen makon jiya na sama. Masu dako da ke layi a gabanta da safe sun koma wajen wata can ƙasan layin 'yan tumatir. Shekaranjiya rabin ƙullunta ta mayar gida. Ta ɗanɗana, na ɗanɗana, masa dai ita ce ta kullum. Wata mata da ta saba saye ta zo ta tsaya, ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta ce yau azumi take. Mabel ta tambaye ni ko wari take yi. Na ce mata damina ce, kowa na tattali.

Ka sa ta a addu'a. Ka kuma rubuto, ko layi biyu ne.

Mahaifiyarka,
Rose

Shango, Minna
3 ga Agusta, 2011

Irimiya,

Muna lafiya. Ina fata kana lafiya.

Da hannuna na rubuta wannan, direban motar Fatakwal zai kawo maka. Ba zan ƙara taɓa injin nan ba.

Jiya Malam Ndatsu ya zo har rumfata, abin da bai taɓa yi ba. Bai ce uwar injiniya ba. Ya ce, “Mama, in kin tashi ki biyo ta shago, akwai abin da zan nuna miki.” Na ce ko Irimiya ne ya aiko da saƙo? Ya ce in dai zo.

Da na je ya sallami ɗalibansa, ya jawo mini kujera gaban wata kwamfuta. Ya danna nan, ya danna can, sai ga jaka an rubuta Mama. Na yi murmushi, na ɗauka suna ne ka sa don girmama ni. Ya buɗe. Wasiƙuna ne, Irimiya. Goma sha huɗu, tun daga ta Janairu har zuwa Ista. Na karanta sunan Mabel da idona a cikin shagon mutane, da manyan haruffan nan da ka sa don idona.

Na ce, “Malam, wa ya ba ka wannan?”

Ya ce, “A cikin faifan yake, Mama. Duk injin da aka sa wa Gyaɗa yana da shi.”

Na ce, “Duka takwas ɗin?”

Ya ce, “Da na Kuta. Da duk wanda na ba faifai, ban ma san adadinsu ba.” Ya ce shi sai ranar Asabar ya lura, da ya ga ɗalibai sun taru a kan inji ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikinsu uwarta a layinmu take sayar da manja. Ya goge na shagonsa, wannan ɗaya ya bari don in gani da idona, a gabana kuma ya goge shi. Ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Da na dawo gida na nemo wasiƙarka ta Mayu na sake karantawa. “Wani abu ya shiga da bai kamata ya shiga ba.” Ni kuma na zauna ina ba ka labarin gero da dawa, ina lallashinka.

Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka amsa mini da maganar inji. Ran da ka rubuta layin nan, ka san wasiƙuna ne suka shiga?

Yau da safe na zauna kusa da Mabel tana ta juya masar da ba mai saye. Ta miƙo mini uku a takarda, ta ce in ci kada su huce. Na ci.

Rose

Fatakwal
9 ga Agusta, 2011

Mama,

Na gaishe ki. Ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba bayan abin da na karanta.

Na sani. Tun sha biyu ga Mayu na sani.

Ran da na zo Ista, abin da ke kwafar manhajar ya tambaye ni ko in haɗa da jakunkunan mai injin. Na amsa da e, don a nan ne gyaran manyan haruffa da na Hausa suke zaune. Na manta jakarki ma a nan take. Ban duba faifan ba, sauri nake in kama mota. Wannan shi ne kuskuren.

Sauran ba kuskure ba ne. Wani mai karanta shafina daga Zariya ya rubuto mini a ɓoye, ya ce akwai wasiƙun gida a ciki. A ranar na cire bugun farko na sa na biyu. Abin da ya kamata in yi bayan nan shi ne in kira ki, in kira Malam Ndatsu ya tattara faifan, in rubuta gargaɗi a shafin. Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau goma. A makon ne babban shafin nan ya yabe ni. Shekara huɗu ina rubutu ba mai kulawa, sai ga mutane suna kirana da suna. Na ce wa kaina ba mai buɗe jakar da ba tasa ba. Na ce in na yi gargaɗi, shi ne ma zai sa a je a buɗe. Wannan na biyun har yanzu ina jin akwai gaskiya a ciki, amma ba shi ya hana ni ba. Kunya ce, da son kada a ce Gyaɗa aikin sakarai ce.

Ba zan iya dawo da faifan ba, Mama. Haka abin yake, wanda ya samu yana da izinin ya kwafa wa wani, ba kuma wanda ke riƙe da sunayensu.

Na shirya dogon rubutu na neman gafara da zan sa a shafin, ba tare da sunan kowa ba. In kin yarda zan sa. Zan kuma nemi hutu in zo in durƙusa gaban Mama Mabel.

Ki yafe mini.

Irimiya

Shango, Minna
5 ga Satumba, 2011

Irimiya,

Na sami wasiƙarka. Babanka lafiya. Ni hawan jini ya ɗan taso, an ba ni magani.

Wata uku. Ina lissafawa ina sakewa. Ran sha biyu ga Mayu faifan nan suna hannun mutum ɗaya a bakin titinmu, tafiyar minti biyar daga ƙofata. Da ka buga waya, da zanen jikina zan je in kwaso su. Kasuwar Mabel ba ta tsaya ba sai ƙarshen Yuni. Kana can kana karanta yabo, ni ina nan ina rage tafiya a gaban shago.

Kada ka sa rubutun nan a shafinka. Na san abin da zai faru, za su ce kai yaro ne mai gaskiya, su ƙara yabonka. Kada kuma ka zo yanzu. Noah ya ji, a garejin da yake aiki wani ya tambaye shi ko shi ma ya yi gwaji. Ba na son ku haɗu.

Ni na je. Mako biyu ina ɗaura kallabi ina kwancewa, ran Talata da safe na je gidan Mabel, don ta daina fitowa kasuwa. Na same ta a tsakar gida tana kankare tanda. Ta ce, “Maman Irimiya, yau ba ki buɗe rumfa ba?” Ta jawo mini kujera. Ban zauna ba, na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga wasiƙar Janairu. Ban ɗora maka kai kaɗai ba. Na ce ni na fara.

Ba ta daina kankarar tandar ba sai da na gama. Sannan ta ce, “Ashe ba nas ɗin ba ce.”

Na ce ba ita ba ce.

Ta ce, “Wata biyu ina tsine wa yarinyar mutane a raina. Har fasto na so in tambaya ko zunubi ne.” Ta yi 'yar dariya. Ta ce, “To me intanet ɗin ya ce? Masata tana kisa?”

Na ce, “Ai na gaya miki tun lokacin, ba ta kisa.”

Ta ce, “Kin ce a rediyo kika ji.”



Ta ce, “Rose, kin tuna ran da aka ba ku takardar gama aji? Ni na yi miki guɗa a coci har muryata ta dushe. Shekara goma sha biyar kafin nan ina zuba miki cikina, ko babansu Irimiya bai taɓa jin ɗaya ba. Da ba ki iya rubutu ba kin fi iya riƙe magana.”

Na ce ta zage ni, ta mare ni in tana so. Ta ce ba ta da ƙarfin wannan, maganinta na son mutum ya huta. Ta ce in tashi, zanena yana shan ruwan wanke-wanke. Ta raka ni har bakin ƙofa kamar yadda ake raka baƙo, ta ce in gai da gida.

Ran Asabar Noah ya kawo mota ya kwashe kayanta. Ta koma ƙauyen yayanta a bayan Kuta. Na je don in kama mata kaya, ya ce sun gode, hannu ya isa. Wurinta a kasuwa wani mai sayar da bokitin roba ya karɓa. Yana da kirki, kullum sai ya gaishe ni. Ni ce ban iya juyawa ta wannan gefen ba.

Ka ce in yafe maka. Ina ambaton sunanka a addu'a kowace safiya kamar kullum. Abin da zan iya ke nan yanzu, ba zan rubuta maka ƙarya ba.

Mahaifiyarka,
Rose

Fatakwal
20 ga Nuwamba, 2011

Mama,

Ina gaishe ki, ina gai da Baba. Yaya jinin?

Ban sa rubutun ba. Wasiƙa uku na aiko ta hannun direba, ban ji komai ba. A waya kuma daga lafiya lau sai ki miƙa wa Baba.

Kina jin labarin Mama Mabel? Tana samun maganinta a can? Wa kike hira da shi a kasuwa yanzu? Mama, ko faɗa ne ki rubuto mini. Ki ba ni labarin rufin kicin, ko na zumuntar mata, ko na kowa. Ba wanda zai ƙara gani.

Zan iya zuwa Kirsimeti?

Ɗanki,
Irimiya

Shango, Minna
6 ga Disamba, 2011

Ɗana Irimiya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai.

Mu nan lafiya. Jinina ya sauka, ina shan magani. Gwiwar babanka tana tashi tana kwantawa. An gyara rufin kicin. An fara shigo da sabuwar dawa.

Ka zo Kirsimeti, gidan ubanka ne. Ka taho da rigar sanyi.

Sauran tambayoyinka, na karanta su duka.

Mahaifiyarka,
Rose